Manhajar Ɗan Yayata Ce Ta Yi Ɓarnar, Amma Nas Aka Dakatar

Hajiya, assalamu alaikum. Ina roƙon ki taimake ni da shawara, kuma idan da hali kada wasiƙar nan ta daɗe a layi, domin abin da nake ciki ba mai jira ba ne. Ban taɓa rubuta wa jarida ba. Mai ɗakina ce take karanta filinki, ita ce kuma ta ajiye mini shafin a gefen kwanon abincina, na kuwa gane nufinta.

Ni mutum ne da ya tsufa a sana'ar rubuta manhajar kwamfuta. Na fara tun zamanin da ake lulluɓe na'urar da ƙyalle idan an tashi aiki. Waɗanda suka koyar da mu sun horar da mu a kan hanya ɗaya: kafin ka taɓa maɓalli, ka zauna da masu aikin, ka yi musu tambayoyi har su gaji da kai, ka rubuta duk abin da manhajar za ta yi, da abin da ba za ta yi ba, da abin da zai faru idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Su karanta, su sa hannu, sannan a fara gini. A kan haka na yi furfura. Yaran ofis suna kirana Baba Sai-an-rubuta a bayan idona. Na sani, ban kuma taɓa jin haushi ba.

Ina da ɗan yaya wanda mahaifinsa ya rasu yana firamare, ni na riƙe shi. A kan cinyata ya fara taɓa kwamfuta. Mahaifiyarsa, wadda ita ta goye ni ina ƙarami, tun yana sakandare take kiransa Injiniya, har sunan ya bi shi. Yanzu magidanci ne, matarsa tana da tsohon ciki. Da ya gama karatu na ɗauke shi a ɗan kamfanina, na ba shi teburin da ke kusa da taga, wanda a da nawa ne. Yana da kai, ba zan tauye masa ba. Sai dai shi ɗan wata makaranta ce dabam. A wurinsu, ka haɗa wani abu da sauri ko da rabi ne, ka kai wa masu aikin su taɓa su gani, su faɗi abin da bai yi musu ba, ka gyara, ka sake kaiwa. Samfuri suke kiransa. Mun daɗe muna wannan gardama, da wasa da dariya, a ofis da kuma a gida. Yakan ce kafin Kawu ya gama auna ƙafar mutum, mutumin ya saba da tafiya ba takalmi.

Sai muka sami aiki a wani asibiti mai zaman kansa, matsakaici, wanda yake son a mayar da katunan majiyyata cikin kwamfuta. Na yi watanni ina zagaya ɗakunan kwantar da majiyyata da ɗakin magani da wurin karɓar marasa lafiya, ina tambaya ina rubutawa. Daraktan asibitin ya fara ƙosawa. Ya buga waya ya ce shi manhaja ya nema, bai ce a wallafa masa littafi ba. Ranar nan Injiniya ya ɗauki tsarin da na rubuta, ya auna nauyinsa a tafin hannu a gaban yara, ya ce a kai wa masu fama da rashin barci, shafi kaɗan zai warkar da su. Aka yi dariya, ni ma na murmusa, amma ta taɓa ni. Bayan wani ɗan hutu sai ga shi ya haɗa samfuri, ya kai asibitin ban sani ba. Darakta ya gani ya yaba ƙwarai.

Dole in faɗi gaskiya a nan. Da ma'aikatan jinya suka taɓa samfurin, sun nuna abubuwan da duk rubutuna bai kamo ba. Ni na tsara a nemo majiyyaci da lambar katinsa, ashe yawancinsu ba sa zuwa da katin, su kuma nas-nas da ɗaki da gado suke gane mutum. Sun faɗa wa Injiniya haka a zama ɗaya. Ni na yi watanni a cikinsu ba su faɗa mini ba, domin ban tambaya ba, su kuma ba su ɗauka abin faɗa ba ne.

To amma samfuri, Hajiya, kamar fuskar gini ne da aka tsayar don a gani: ga ƙofofi ga tagogi, wasu suna buɗuwa, wasu zane ne kawai. Saboda haka a zamaninmu, idan ya zama dole a nuna irinsa, muna shimfiɗa jan layi mai kauri a saman kowane shafi, a rubuta cewa gwaji ne, kada a yi aiki da shi. Na matsa wa Injiniya ya sa wannan layi, ya sa. Ba a daɗe ba Darakta ya ce yana da manyan baƙi, jan layin yana ɓata kyan abin, a cire, kuma ma'aikata su fara amfani da shi na ɗan lokaci kafin a gama na gasken. Injiniya ya cire. Raina ya ɓaci. Na ce a gaban kowa na zare hannuna daga wannan aiki, wanda ya fara shi ya ƙarasa. Na koma kan wasu ayyukan. Muka zama daga gaisuwar safe sai ta tashi. Ko sau ɗaya ban buɗe manhajar nan ba.

A cikinta akwai wani gurbi inda nas take rubuta magungunan da jikin majiyyaci ba ya karɓa. A tsarina na yi shafuka a kan wannan gurbi kaɗai: a adana abin da aka rubuta, kuma duk ranar da likita ya rubuta irin maganin, fuskar kwamfutar ta yi ja ta ƙi wucewa. A samfurin gurbin yana nan. Nas ta rubuta, ta danna, koren rubutu ya fito ya ce an adana. Amma babu komai a bayansa. Don nuni Injiniya ya zana shi, da niyyar ya haɗa daga baya, sai buƙatun Darakta suka binne shi, yau a canza launi, gobe a gyara yadda takarda take fita daga injin bugawa, har ya manta. A da, da jan biro ake rubuta wannan gargaɗi a bangon kati, kowa ya ɗauka sai ya gani. Da kwamfuta ta zo, aka tattara katunan a kwalaye aka kai sito.

Wata mata ta zo da ciwo a ƙafa wanda ya ruɓe. Ta faɗa wa nas ɗin da ta karɓe ta cewa akwai wata allura da ta taɓa kusan halaka ta. Nas ta rubuta, ta ga koren rubutu, ta ci gaba da aikinta. Washegari wani likita ya buɗe shafin matar bai ga komai ba, ya rubuta wannan allurar, wata nas ɗin ta yi mata. Maƙogwaronta ya kumbura, numfashi ya tsaya. An ceto ranta, amma an daɗe kafin a samo numfashin, kuma har yau ba ta dawo daidai ba. An ce wani lokaci ba ta gane 'ya'yanta.

Asibiti suka duba kwamfuta suka ga gurbin fayau, suka yanke cewa nas ɗin farko ce ba ta rubuta ba. Ta rantse, ba a saurare ta ba. An dakatar da ita, kwamiti zai zauna a kanta mako mai zuwa, kuma ana maganar za a kai sunanta hukumar da ke ba su lasisi. Na san nas ɗin. Lokacin da nake zagayen tambayoyina ita ce take jawo mini kujera ta ce Baba zauna, ƙafafun nan ba na yara ba ne. Tana da 'ya'ya a makaranta.

Ni ban san komai ba sai da Injiniya ya zo gidana da safiyar wata ranar hutu, ya rame, ya ƙi hawa kujera, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata kamar yadda yake yi yana yaro. Ya faɗa mini duka. Ya ce ya riga ya haɗa gurbin a ɓoye, yanzu yana aiki. Ya roƙe ni don Allah in rufa masa asiri. Ya ce idan maganar ta fita, aikin ya tafi, sunansa ya tafi, wataƙila har kotu, ga matarsa haihuwa yau ko gobe, ga mahaifiyarsa da hawan jini. Ya ce zai nema wa nas ɗin aiki a wani wuri. Yana magana yana kuka, ni kuma, Allah Ya yafe mini, wani ɓangare na zuciyata cewa yake yi ai na faɗa.

Akwai kuma abin da yake hana ni sukuni. Gyaran da ya yi na gaba ne kawai. Duk abin da aka rubuta a gurbin nan kafin ranar ya bi iska, su kuwa ma'aikatan suna ganin yana nan. Na faɗa masa, ya ce zai san dabarar da zai sa su sake shigarwa a hankali, ba tare da an gane dalili ba.

Yayata ba ta san komai ba. Shekaranjiya ta zo duba mai ɗakina, da za ta tafi ta dafa kafaɗata ta ce ta ga Injiniyanta ya faɗa, in rage masa aiki, in ci gaba da riƙe mata shi. Na kasa haɗa ido da ita. Idan na yi magana, na rushe yaron da na raina da hannuna, na kuma ci amanar wadda ta goye ni. Idan na yi shiru, baiwar Allah za ta rasa sana'arta a kan abin da ba ta yi ba. Kuma ina so ki faɗa mini, ke da ba ki da ɓangare: ashe ba ni ne da gaskiya ba tun farko? Da an bi hanyata, da duk wannan bai faru ba.

Kawun Injiniya

*

Malam, wa alaikumus salam. Na aika maka da wannan amsa tun kafin a buga ta, na kuma sauya wasu bayanai a abin da masu karatu za su gani. Ina taya ka jimami. Kana cikin tsaka mai wuya, kuma yadda ka rubuta ya nuna ba ka neman mafaka a ƙarya. To bari in fara da abin da ka ajiye kusa da ƙarshen wasiƙarka, domin shi ne na farko.

Bayanan da suka ɓace ba za su jira dabarar Injiniya ba. A yau ɗin nan akwai majiyyata a asibitin waɗanda suka faɗi maganin da zai cutar da su, suka ga an rubuta, suka kwantar da hankali. Kowane ɗayansu yana iya zama matar nan gobe. Ka ajiye takardar nan ka kira babban likitan asibitin, ka shaida masa cewa duk abin da aka shigar a gurbin kafin ranar gyara bai adanu ba, a sake tambayar kowane majiyyaci, a kuma dawo da jan biro har sai an tabbatar da manhajar. Wannan ba ya buƙatar izinin kowa, ba kuma ya cikin abin da za a yi shawara a kansa. Idan wani ya sake faɗuwa bayan ka sani, nauyin ya tashi daga kan mantuwar yaro ya koma kan shirunka.

Sai maganar nas. Ka san amsar, shi ya sa ka kasa haɗa ido da yayarka. Dole gaskiya ta isa gaban kwamitin kafin ya zauna. Neman mata aiki a wani wuri ba gyara ba ne, domin wa zai ɗauki wadda aka ce sakacinta ya nakasa majiyyaciya? Shawarata ita ce ku fara ganin lauya, ba don ya koya muku ɓoyewa ba, sai don ku san yadda za ku faɗa da abin da zai biyo baya. Ku rubuta yadda abin ya gudana daki-daki, har da cewa samfuri ne, akwai jan layi a kansa, kuma Darakta ne ya nemi a cire a fara aiki da shi. Wannan gaskiya ce, ba ɗora laifi ba, kuma haƙƙin Injiniya ne a san ta. Gyaran da ya yi a ɓoye ma ya shiga cikin bayanin. Ka fi ni sanin cewa irin wannan taɓi yana barin sawu a na'ura. Idan shi ya faɗa da bakinsa, kuskure ne da tsoro. Idan wasu suka tono daga baya, sunan abin zai zama wani abu dabam, kuma a lokacin babu lauyan da zai iya yi masa abin kirki.

Ka tambaye ni ko kai ne da gaskiya. Ni ba 'yar sana'arku ba ce, amma na karanta wasiƙarka da kyau. Hanyarsa ta gano a zama ɗaya abin da ka yi watanni ba ka gano ba, kai da kanka ka faɗa, kuma da an jira ka, mai yiwuwa da asibitin ya ba wasu aikin. Hanyarka kuma ita ce ta hango wannan gurbi, ta yi masa shafuka, tun kafin matar nan ta ji ciwo a ƙafa. Kowannenku yana riƙe da abin da ɗayan ya rasa. Shafukan da za su cece ta suna kan teburinka, a ɗaki ɗaya da teburinsa. Malam, zan faɗa maka da girmamawa, domin na ga kai mai iya ɗauka ne. Ranar da aka cire jan layin, mutum ɗaya ne a duniya ya san tambayoyin da ya kamata a yi wa manhajar nan kafin ta taɓa majiyyaci, kuma a ranar ya ce ya zare hannunsa. An yi maka dariya a gaban yara, ya yi maka ciwo, na fahimta. Amma kamfanin naka ne, kai ne babba, kuma babba ba ya yin yaji daga abin da rayuka suka rataya a kansa. Ba na cewa laifinku ɗaya. Shi ya zana gurbin, shi ya manta, shi ya ɓoye. Ina cewa kada ka je asibitin a matsayin shaida a kansa. Ka je a matsayin mai kamfani, ka fara da naka, sannan ya faɗi nasa kana zaune a gefensa. Idan ya ƙi zuwa, ka sanar da shi ranar da za ka je, ka tafi kai kaɗai.

Game da yayarka, ni ma uwa ce, kuma na san mu iyaye mata mun fi jure gaskiya daga bakin namu fiye da jita-jita daga bakin maƙwabta. Ka je da kanka, da mai ɗakinka, da rana, bayan ta sha maganinta. Ka fara da cewa ɗanta yana nan lafiya, sannan ka faɗi sauran a hankali. Za ta yi kuka, wataƙila ta yi fushi da kai, wataƙila ta daɗe ba ta taka gidanka ba. Ka jure. Riƙon da ta ba ka bai ƙunshi ka taya shi ɗaukar alhakin wasu ba. Matarsa kuma a bar shi ya faɗa mata da kansa, gwargwadon abin da halin da take ciki zai ɗauka.

Kada kuma ku manta da majiyyaciyar da iyalinta. Suna da haƙƙin sanin abin da ya same ta, da haƙƙin a nemi gafararsu, da duk abin da doka ta tanadar musu. Ku bi ta hannun asibiti da lauya, amma kada ku bari a shafe su daga maganar.

Ba zan yi maka alkawarin daɗi ba. Aikin yana iya tafiya, kamfanin yana iya girgiza, ana iya zuwa kotu. Injiniya yana iya yin shekaru kafin wani ya sake amince masa. Amma matashi ne mai basira, kuma wanda ya tsaya ya faɗi kuskurensa yana da hanyar dawowa. Idan Allah Ya sa kuka ci gaba da aiki tare, ku daina gardamar wace hanya ce ta fi. Bar shi ya riƙa kai wa mutane abin da za su taɓa su gyara masa, kai kuma ka tsaya a kan cewa duk abin da ya shafi rai sai an rubuta, an gina, an gwada a gabanka kafin ya fita. Kafin nan ma, a makon nan, ku zauna ku bi manhajar asibitin gurbi-gurbi, ku danna kowane maɓalli, domin ban yarda wannan ne kaɗai zanen da aka manta ba.

Abu na ƙarshe. Na sha karɓar wasiƙu daga mutanen da aka tuhuma da abin da ba su yi ba, kuma abin da ya fi cin su ba korar ba ce. Bayan an yi ta nuna musu shaida, sukan fara shakkar kansu. Ina kyautata zaton nas ɗin nan tana zaune a gida yanzu tana tambayar zuciyarta ko da gaske ta rubuta, ko kuwa ita ce ta nakasa matar mutane. Ku biyu ne kaɗai za ku iya ce mata ta rubuta. Kada ku bari ta ƙara mako a haka.

Allah Ya ba majiyyaciyar lafiya, Ya sauke matar ɗanku lafiya, Ya sanyaya zuciyar yayarka, Ya kuma ƙarfafa maka gwiwa a kan wannan tafiya. Ina yi muku fatan alheri.